Ginin da Ba a Gama Shi: Tashar Sararin Samaniya da Masu Riƙon Ta

Tun ranar 2 ga Nuwamba, 2000, da Ba'amurke Bill Shepherd da Rashawa biyu, Yuri Gidzenko da Sergei Krikalev, suka tare a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ISS, wurin bai sake kwana ba kowa ba. Wani ayari na sauka, wani na hawa. Yaron da aka raɗa wa suna a wancan makon yau ya zama magidanci, kuma duk tsawon rayuwarsa akwai mutane a can sama suna barci, suna cin abinci, suna gyaran famfo.

Gyaran famfon nan shi nake so mai karatu ya riƙe. Hotunan da aka fi nuna mana, na ɗan sama jannati yana shawagi yana cafke ɗigon ruwa da baki, sukan sa a zaci wurin hutawa ne. Amma duk wanda ya bi labarin tashar da kyau zai ga cewa ba a taɓa kammala ta an miƙa makulli ba. Aiki ne da ake yi dare da rana, a sama da ƙasa, kuma ranar da aka ɗauke hannu, ranar za ta fara lalacewa.

A fara da dalilin da ya sa ba ta faɗo ba. Tsakaninta da ƙasa kilomita 400 ne da 'yan kai, kusan tafiyar mota daga Kano zuwa Abuja. A wannan nisa duniya ba ta saki kowa ba: ƙarfin da take jan abu da shi yana nan kusan kashi 90 cikin 100 na yadda muke jinsa a nan. To me ya sa mutanen ciki ke shawagi? Faɗowa suke yi, su da tashar baki ɗaya. Sai dai suna gudu ta gefe da saurin da ya kusa kilomita 28,000 a sa'a, don haka gwargwadon yadda suke yin ƙasa, gwargwadon yadda doron duniya, da yake a lanƙwashe, ke zamewa daga ƙarƙashinsu. Haka suke ta faɗuwa suna kewaya duniya, kowane zagaye minti 90 da ɗoriya, rana ta fito musu ta faɗi sau 16 a kwana ɗaya. Wanda kuwa ke faɗuwa tare da ɗakin da yake ciki ba ya jin nauyin jikinsa.

Da babu iska ko kaɗan a can, da an huta. Amma akwai ragowarta, 'yar kaɗan, tana gogar tashar tana rage mata gudu, ita kuma tana yin ƙasa sannu a hankali, wani lokaci har kilomita biyu a wata. Idan rana ta shiga shekarun tsananinta, waɗanda ke zagayowa kusan duk shekara 11, iskar sama takan kumbura, gogar ta ƙaru. Saboda haka dole lokaci zuwa lokaci a tayar da inji, galibi na kumbon dakon kaya na Rasha mai suna Progress da ke maƙale a bayanta, a tura ta sama. Amurkawa sun ga abin da rashin yin hakan ke jawowa. Tasharsu ta farko, Skylab, da aka harba a 1973, an bar ta ba kowa tun 1974, da fatan sabon jirgin jigilar da ake ƙerawa zai je ya ɗaga ta. Jirgin ya makara, rana ta tsananta, a watan Yuli na 1979 tashar ta rufto, ɓaraguzanta suka watsu a tekun Indiya da yammacin Ostireliya.

Nauyin ISS ya haura tan 400, kuma daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 109 ne. Ba a taɓa yin rokar da ta kai ko rabin wannan nauyi falaki a tashi guda ba. Dole aka riƙa kai ta gunduwa-gunduwa, a harbi sama da 40, ana harhaɗawa a can. Ɗakin farko, Zarya, ya tashi daga Baikonur a Kazakistan ranar 20 ga Nuwamba, 1998. A Mosko aka ƙera shi, amma da kuɗin Amurka. Bayan mako biyu jirgin jigila Endeavour ya kai Unity, mahaɗa mai ƙofa shida, aka ɗaura su. Daga nan sai zaman jira na fiye da shekara ɗaya da rabi, domin Zvezda, ɗakin Rasha mai makwanci da na'urorin iska da injin tuƙi, ya makara saboda tattalin arzikin Rasha na cikin halin ni-'yasu. Sai a Yuli 2000 ya tashi, kuma sai da ya isa sannan mutum ya iya zama. Kusan duk abin da aka ƙara bayan nan, an ƙara shi ne da mutane a ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da yawa daga cikin waɗannan ɗakuna ba su taɓa haɗuwa a ƙasa ba. An ƙera wasu a Huntsville ta Amurka, wasu a Turin ta Italiya, an ƙarasa ɗakin binciken Turai, Columbus, a Bremen ta Jamus, na Japan kuwa, Kibo, daga masana'antun Japan ya fito. Wasu injiniyoyin da inci suke awo, wasu da milimita. Wutar ɓangaren Amurka volt 124 ce, ta tsofaffin ɗakunan Rasha 28, sai an saka na'urar sauyawa a tsakani. Akwai ɗakin da aka gama shi ya shekara da shekaru a ajiye kafin a kai shi ya sadu da abokin haɗinsa da ke sama tuni, kuma ba a da damar a ce bai shiga ba, a mayar wa maƙeri. Abin da ya sa suka dace shi ne takarda: kundaye masu kauri da suka fayyace girman kowace ƙofa, da zaren kowane noti, da abin da kowace waya ke ɗauke da shi, kowa ya sa hannu, kowa ya bi.

Hanya biyu aka bi wajen ɗaurawa. Manyan ɗakunan Rasha kowanne kumbo ne mai cin gashin kansa, da injinsa da na'urar nemo hanya mai suna Kurs. A harba shi, ya bi sawun tashar, ya lallaɓa ya shige mazauninsa. Wannan gadon tashar Mir ne, wadda Tarayyar Sobiyet ta fara ginawa a 1986. Ɗakunan Amurka da Turai da Japan kuwa ba su da inji. A cikin jirgin jigila aka riƙa kwanto su, shi ya sa faɗinsu bai wuce mita huɗu da rabi ba, iyakar abin da cikin jirgin ke ɗauka ke nan. In an iso, sai hannun ƙarfe ya ɗauko ɗakin ya jingina shi da ƙofar da aka tanada, noti 16 masu juya kansu su ɗaure shi tamau. Hannun nan, Canadarm2, gudummawar Kanada ce, an kafa shi a 2001, tsawonsa ya haura mita 17, kuma kowane ƙarshensa na iya zama gindi ko yatsa. Yakan kama nan ya saki can, ya yi ta alkafura a jikin tashar har ya isa inda ake buƙatarsa.

Abin da hannun ƙarfe ya kasa, sai hannun mutum. An fita wajen tashar fiye da sau 250 don gini da gyara, kowace fita sa'a shida ko bakwai. Kafin mutum ya fita sai ya daɗe yana shaƙar oksijin zalla don ya kori naitirojin daga jininsa, domin matsin iskar da ke cikin rigar fita bai kai rabin na ɗaki ba, kuma in ya yi gaggawa jininsa zai yi kumfa. Safar hannun a kumbure take, kowane damƙa sai da ƙarfi, har wasu farce ke ciwo ya fita. A rana zafi ya haura digiri 100, a inuwa sanyi ya zarce digiri 100 ƙasa da sifili, kuma duk minti 45 ake sauyawa. A Houston akwai wani ƙaton tafki mai zurfin mita 12, da kwaikwayon tashar a nutse a ciki, inda suke maimaita kowane motsi tun kafin su tashi.

Duk da haka akan gamu da abin da ba a yi shirinsa ba. A ƙarshen 2007 wani faifan sola ya yage ana tsakiyar shimfiɗa shi. Ba a iya naɗe shi, ba a iya barinsa haka. Ma'aikatan ƙasa suka kwana suna tunani, na sama suka harhaɗa maɗaurai daga waya da guntayen alminiyam da ke tashar, aka ɗaura Scott Parazynski a ƙarshen wata doguwar sanda da hannun ƙarfe ya riƙe, aka miƙa shi can nesa ya ɗinke faifan alhali wuta na gudana a cikinsa. A Yuli 2013 kuma ruwan sanyaya riga ya riƙa malalowa cikin hular Luca Parmitano ɗan Italiya har ya rufe masa ido da kunne da hanci. Da lalube ya komo ƙofa. Tun daga ranar ake saka bututun numfashi da matashin tsotse ruwa a cikin hular.

Akwai kuma ginin da ba a gani a hoto, wato na siyasa. Shugaba Ronald Reagan ne ya ba da umarnin gina tasha a 1984, aka yi shekara tara ana zane ana sake zane, kuɗi na tafiya, ba a harba ko ƙusa ba. A Yuni 1993 ƙuri'a ɗaya tak ta ceci shirin a majalisar wakilan Amurka. A shekarar ce aka jawo Rasha ciki, don a amfana da gogewarta, kuma don kada masana rokarta da albashi ya gagara su bazu duniya neman mai saye. A Janairu 1998 ƙasashe 15 suka sa hannu kan yarjejeniyar. Shigar Rasha ce ma ta zaɓa wa tashar hanyarta: an karkatar da falakinta digiri 51.6 don rokokin Baikonur su iya kai mata. Shi ya sa take ratsa saman Afirka baki ɗaya. Mutumin Katsina ko Damagaram kan iya ganinta bayan magariba ko gabanin asuba, haske fari mai ƙarfi da ba ya ƙyaftawa, ya keta sama cikin 'yan mintoci.

An raba aikin ta yadda babu mai iya zama shi kaɗai. Ɓangaren Amurka ke da manyan faya-fayan sola, da wasu ƙafafun ƙarfe huɗu masu juyi sau 6,600 a minti, waɗanda ke riƙe da fuskar tashar ba tare da ƙona mai ba. Ɓangaren Rasha ke da injin tuƙi. Mutane da yawa sun soki wannan dogaro, amma shi ya ceci tashar. Da jirgin Columbia ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, 2003, mutum bakwai suka rasu, an dakatar da jiragen jigila shekara biyu da rabi. Gini ya tsaya, aka rage mazauna zuwa biyu don ruwa ya isa, kumbon Soyuz da Progress suka riƙe wurin. Bayan an yi wa jiragen ritaya a 2011, shekara tara Ba'amurke ba shi da hanyar zuwa sai ta Baikonur, har kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya fara ɗaukar mutane a 2020. Ko a 2022, da yaƙin Yukren ya yanke kusan duk wata hulɗa tsakanin Amurka da Rasha, Ba'amurke Frank Rubio ya hau Soyuz, 'yar Rasha Anna Kikina ta hau Dragon. Ba na cewa tashar ta sasanta kowa. Cewa nake yi an gina ta ta yadda rabuwa ta fi zama tsada, kuma na ga hikima a nan.

Yanzu mu shiga ciki. Abu na farko da baƙo ke lura da shi ƙarar fankoki ce, ba dare ba rana. A ƙasa iska mai ɗumi takan tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta. A can ba sama ba ƙasa, don haka iska ba ta motsi da kanta. Mai barci a inda fanka ba ta kaiwa, numfashin da ya fitar zai taru a fuskarsa, ya tashi da ciwon kai. Fankokin ke jan iskar zuwa na'urorin da ke tsame kabon dayoksaid. Oksijin kuwa daga ruwa ake samunta: a sa masa lantarki ya rabe biyu, a shaƙi oksijin, haidirojin a zubar ko a sarrafa ta a sake samun ruwa. Ke nan numfashi ma ruwa yake ci, kuma kowace lita daga ƙasa aka hau da ita da tsada. Shi ya sa ba a zubar da komai. Gumi, da tururin numfashi, da fitsari, duk ana tattarawa a tace a sha. A 2023 hukumar NASA ta Amurka ta sanar cewa na'urorin ɓangarenta sun kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwan.

Labarin injin tace fitsarin nan ya fi kowane labari nuna amfanin tashar. An gwada shi a ƙasa shekara da shekaru yana aiki lafiya lau. Aka kai shi sama a ƙarshen 2008, bai cika shekara ba ya toshe. Da aka dawo da sashen da ya lalace aka buɗe, sai aka tarar da wani farin gishiri ya daskare a ciki. Daga ina? Daga ƙashin mutanen. Jikin da ba ya ɗaukar nauyi yakan fara zubar da ƙashi, kusan kashi ɗaya cikin 100 ko fiye a wata a kwankwaso da gadon baya, sinadarin kalsiyam ɗin kuma ya fita ta fitsari. Fitsarin ɗan sama jannati ya bambanta da na mutumin da aka gwada injin da shi a ƙasa. Babu lissafin da ya hango wannan. Sai da aka zauna a can, abin ya lalace, aka gano dalili, aka sauya sinadarin da ake zubawa. Da a kan hanyar duniyar Mars aka gamu da wannan, inda babu kumbon da zai kawo sabon sashe, da labarin ya sha bamban.

Zafi ma matsala ne, kuma ba ta inda aka zata ba. Mutane sukan ɗauka sanyi ake yaƙi da shi. Alhali kwamfutoci da na'urori da jikin mutane duk zafi suke fitarwa, kuma a waje babu iskar da za ta kwashe shi. Don haka ruwa ke zagaya ɗakuna ya kwaso zafin, ya miƙa wa amoniya da ke gudana a bututun waje, ita kuma ta kai shi wasu manyan fararen lagireto su watsar. Ba a bari amoniya ta shiga ɗaki, domin guba ce. A ƙarshen Yuli 2010 ɗaya daga cikin famfunan amoniya biyu ya mutu, aka kashe kusan rabin kayan lantarki, kuma sai da Doug Wheelock da Tracy Caldwell Dyson suka fita sau uku kafin su sauya shi. An tsira ne saboda tun da farko an ajiye famfunan ko-ta-kwana a jikin tashar.

Saboda ƙashi da tsoka, kowa sai ya yi motsa jiki kimanin sa'a biyu kullum: gudu a kan inji an ɗaure shi da maɗauri don kada ya tashi, tuƙa keke, da turo wata na'ura da ke kwaikwayon ɗaga ƙarfe. Ruwan jiki yakan haura kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, wasu kuma ganinsu ya sauya, matsalar da har yau likitoci ke bibiya. Ba a wanka sai goge jiki, ba a wanki sai a sa tufa har ta gaji a jefa ta a shara. Sharar kuma a cusa ta cikin Progress ko Cygnus da suka sauke kaya, a sake su su ƙone a iska.

Mutum bakwai ne yawanci a tashar, kowane ayari wata shida, amma ba su ke tuƙa ta ba. Masu tuƙin na zaune gaban kwamfuta a Houston da Korolyov kusa da Mosko, da Huntsville, da Oberpfaffenhofen kusa da Munich, da Tsukuba a Japan, da Saint-Hubert a Kanada. Su ke juya faya-fayan sola, su buɗe bawul, su lura da batura, har ma su yi aiki da hannun ƙarfe mazauna na barci. Agogon GMT ake bi. A tashi da ƙarfe shida, a yi taro da ƙasa safe da yamma, kuma jadawalin kowa a yanke yake har zuwa minti biyar-biyar. Asabar ranar shara da goge-goge ce, don in aka yi sake ƙura ta toshe matatu, gansakuka ta kama bango, kamar yadda ta addabi Mir. Kowa sai ya iya Turanci da Rashanci. Kuma kowa na da kujerarsa a kumbon da ya kawo shi, wanda ke maƙale a ƙofa a matsayin abin tsira.

An sha gudu zuwa kujerun nan. A irin gudun da tashar ke yi, ko ɗan ɓallin fenti harsashi ne. Ƙananan tarkace, garkuwa mai hawa-hawa ke tare su: bangon farko ya farfasa abin, na baya su shanye. Manya kuwa ana bin sawunsu daga ƙasa, in an ga haɗari a kauce. Na tsaka-tsaki su ne abin tsoro, sun fi ƙarfin garkuwa kuma ba a iya hango su. Ranar 15 ga Nuwamba, 2021, sojojin Rasha suka harbe wani tsohon tauraronsu, Kosmos 1408, don gwajin makami, ya fashe gida sama da 1,500, aka tashi mazauna tashar daga barci, har da Rashawa biyu, suka shige kumbunansu suna jira. Wannan ganganci ne, kuma ba Rasha kaɗai ta taɓa yin irinsa ba: Sin ta yi a 2007, Amurka a 2008, Indiya a 2019.

Akwai tambayar da Musulmi zai yi, kuma an yi ta. Wanda rana ke fito masa sau 16, yaya zai yi salla, ina zai fuskanta? Kafin Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Malesiya ya tashi a Oktoba 2007, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, ƙasarsa ta tara malamai da masana kimiyya suka fitar da jagora. Suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, salla biyar a sa'a 24. Alƙibla ya nemi Ka'aba in zai iya, in ya kasa ya fuskanci duniya, in ya kasa duk inda ya samu. Tsayuwa da ruku'u da sujada gwargwadon iko, har zuwa ishara. Bayansa Hazza al-Mansouri da Sultan al-Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun je, na biyun ya yi wata shida a 2023 har ya fita waje aiki, Rayyanah Barnawi 'yar Saudiyya ma ta je.

To kwalliya ta biya kuɗin sabulu? An kashe sama da dala biliyan 100, kuma NASA kaɗai na kashe kimanin biliyan uku duk shekara wajen riƙon ta. Masu suka, cikinsu har da manyan masana kimiyya, suna cewa da an zuba kuɗin a na'urori marasa matuƙi da an fi samun ilimi. Ta fuskar kimiyya zalla, ina ganin suna da hujja. An yi gwaje-gwaje dubbai, an kafa na'urar AMS a 2011 tana ƙirga ƙwayoyin da ke zuwa daga zurfin sarari, an kwatanta jikin Scott Kelly da ya yi kwana 340 a sama da na ɗan tagwayensa Mark da ke ƙasa, an yi nazarin magunguna da ƙarafa da harshen wuta. Duk da amfaninsu, babu guda da ya girgiza duniya kamar hotunan madubin Hubble. Amma ni a nawa ganin ba nan ribar take ba. Ribar ita ce sanin yadda ake raya mutum da inji shekara da shekaru a inda babu iska, babu ruwa, babu kanti: wace roba ce ke tsagewa, wane famfo ke mutuwa, nawa za a ajiye, wa za a tasa cikin dare. Irin wannan sani ba ya samuwa sai da zama.

Ƙananan ƙasashe ma sun ɗan samu ƙofa. Ɗakin Kibo na da wata 'yar taga da ake fitar da ƙananan taurari ta cikinta, a sake su cikin falaki da arha. Ta nan aka saki NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da hukumar sararin samaniya ta Nijeriya suka yi tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, a Yuli 2017, rana ɗaya da GhanaSat-1. Na Kenya ya biyo baya a 2018. Kowannensu faɗinsa santimita 10 ne kacal, amma ɗaliban da suka haɗa su sun bi aikin tun daga zane har zuwa falaki.

Tashar ta tsufa. Tun 2019 iska ke yoyo ta wasu tsage-tsage a wani lungu na bayan Zvezda. An liƙe an sake liƙewa, har aka koma rufe ƙofar lungun sai in da buƙata. Ƙarfen da ya sha zafi da sanyi sau 16 a kwana fiye da shekara 25 dole ya gaji, kuma ana iya sauya famfo amma ba a iya sauya gangar jiki. Amurka da Turai da Japan da Kanada sun amince su ci gaba zuwa 2030, Rasha ta ce zuwa 2028. Kwance ta a dawo da ita ba zai yiwu ba, don jirgin da ya kai ta babu shi. Tura ta can sama a ajiye na buƙatar mai mai yawa, kuma ba kowa a ciki ba za ta daɗe ana iya sarrafa ta ba. Barinta ta faɗo da kanta kuwa, ita da ta ninka Skylab sau biyar a nauyi kuma take ratsa saman birane, ba abin yi ba ne. Shi ya sa a Yuni 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 don ƙera kumbon da zai tunkuɗo ta a daidai lokaci, ta faɗa inda ba kowa a teku, kamar yadda aka yi wa Mir a kudancin tekun Fasifik a Maris 2001.

Wadda za ta rage a sama ita ce Tiangong ta ƙasar Sin. Wata dokar Amurka ta 2011 ta hana NASA hulɗa kai tsaye da Sin, sai Sinawa suka gina tasu: ɗaki uku, daga Afrilu 2021 zuwa ƙarshen 2022, mutum uku a ciki kowane wata shida. Ƙarama ce, amma sabuwa, kuma ta amfana da darussan Mir da ISS. Amurka kuwa ta ce ba za ta sake gina tasha da kanta ba, haya za ta riƙa kamawa a tashoshin kamfanoni. Damuwata a nan ita ce ɗalibin Akure ko Nairobi. Kamfani zai sayar da wuri ga mai kuɗi, kuma ba shi da dalilin buɗe taga irin ta Kibo ga jami'ar da ba ta da shi. Sin ta yi wani yunƙuri a 2019, da ta haɗa kai da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sararin samaniya aka zaɓi gwaje-gwaje tara daga ƙasashe 17, har da Kenya, don a yi su a Tiangong. Hukumomin sararin samaniya na Afirka na da 'yan shekaru ƙalilan su nemi irin wannan gurbi a rubuce, a wurin Sin da wurin kamfanonin, kafin a rufe Kibo.